Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Asibiti Kan 'Ya'yanmu Masu Cin Abinci Ta Roba

Zuwa ga Shugaban Asibiti, da Shugabar Ma'aikatan Jinya, da manyan likitocin sashen yara,

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna yi muku sannu da aiki. Allah ya saka muku kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yanmu dare da rana.

Ni uwa ce. 'Yata tana kwance a sashen yara, kuma ta robar da aka zura mata ta hanci zuwa ciki take cin abinci. An haife ta da larurar ƙwaƙwalwa wadda ta taɓa mata haɗiya, in an ba ta abu ta baki sai ta ƙware, wani ya zarce huhu. Wannan wasiƙa da yawuna nake rubuta ta, da kuma yawun sauran iyayen da muke zaman jinya tare. A cikinmu akwai mai bakwainin da bai iya tsotso ba tukuna, akwai mai yaro mai ciwon zuciya wanda yake gajiya kafin ya sha rabin abin da jikinsa ke buƙata, akwai wadda aka haifi ɗanta hanyar abincinsa ba ta haɗu da ciki ba har sai da aka yi masa tiyata, akwai kuma mahaifin yarinyar da maganin kansa ya cika wa baki da gyambo. Ciwukan daban-daban ne, robar ce ta haɗa mu. Yawancinmu likitoci sun riga sun gaya mana gaskiya, cewa za a kwashe watanni a haka, wasu ma shekaru.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne sanarwar da aka manna a ƙofar ɗakin kwanan nan. Ta ƙunshi hukunci biyu. Na farko, masu jinya su fita waje lokacin zagayen likitoci, kuma a rage masu kwana kusa da yara. Na biyu, duk yaron da jikinsa ya daidaita, wanda robar abinci ce kaɗai ta rage masa, a hanzarta sallamarsa don a samu gado. Ba ma jayayya cewa gadaje sun yi ƙaranci, da idonmu muke ganin iyayen da ke jira a baranda riƙe da yara. Mu ma babu wanda ba ya ɗokin komawa gida. Amma ku haɗa hukuncin nan biyu ku duba abin da suka haifar. Za a fitar da mu a daidai lokacin da ake maganar yaranmu, sannan a miƙo mana su a bakin ƙofa da roba a hanci, a ce Allah ya ƙara sauƙi. Daga ranar nan sirinjin yana hannunmu, safe da rana da tsakar dare, kuma ba a koya mana riƙe shi ba.

Kokenmu na farko, wanda ya fi hana mu barci, shi ne yadda ake tabbatar da cewa robar tana cikin ciki kafin a tura abinci. Ku kun fi mu sanin cewa hanyar abinci da hanyar iska maƙwabtan juna ne a maƙogwaro. Roba tana iya ɓacewa ta shiga huhu tun wajen sakawa, tana kuma iya zamewa daga baya in yaro ya yi tari mai ƙarfi, ko amai, ko ya kai hannu ya fizge ta. Yaron da jikinsa ya yi rauni ba lalle ne ya yi tari ko ya nuna wata alama ba. In aka tura madara a haka, huhu za ta cika, daga nan sai ciwon huhu mai tsanani, wani lokaci sai rasa rai.

A ɗakinmu hanyoyi biyu muke gani, ya danganta da wadda ke bakin aiki. Akwai wata Sista, Allah ya yi mata albarka, da ba ta taɓa tura ko ɗigo sai ta duba lambar da ke jikin robar a daidai bakin hanci, ta gwada da wadda aka rubuta a fayil. Sannan ta ɗaura sirinji ta zuƙo ɗan ruwan ciki a hankali, ta ɗiga a kan 'yar takardar gwaji, ta kara ta da jadawalin launuka a wajen haske. In ma'aunin pH, wato na tsami, ya nuna 5.5 ko ƙasa da haka, ta san tsamin ciki ne, sai ta ci gaba. In ruwa ya ƙi fitowa, ta juya yarinyar ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta jira, ta sake gwadawa. Ita ce ma ta bayyana mini cewa maganin rage tsamin ciki yana iya ɗaga wannan lamba, kuma duk inda aka shiga shakka, hoton ƙirji ne ke raba gardama. Wasu kuwa iska suke turawa da sirinji, su kara na'urar sauraro a ciki, in sun ji ƙara su ce ta shiga. Tun a 2005 hukumar kare lafiyar majinyata ta Birtaniya ta yi gargaɗi cewa a daina dogaro da wannan hanya, domin ana iya jin ƙarar ko da robar tana huhu, ta kuma sake jan kunne a 2011. A can, tura abinci ta robar da ta kauce hanya yana cikin jerin kurakuran da aka ce sam bai kamata su faru ba. Mun sha tambaya me ya sa ba kowa ke amfani da takardar ba, amsar ita ce ta ƙare a ma'aji. Ranku ya daɗe, 'yar takarda ce da ba ta kai tsawon yatsa ba. In a gabanku ana yin hanya biyu, wacce za mu ɗauka mu tafi da ita gida?

Na biyu, batun fitar da mu lokacin zagaye da rage masu kwana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likita yana ganin yarinyata na 'yan mintuna da safe, ni nake ganin ta sauran yinin. Ni na san cewa in an tura mata abincin dare da sauri sai ta murɗa jiki ta amayar, in an bar shi ya gangara a hankali sai ya zauna. Ni na san bambancin kukan yunwa da na kumburin ciki a wajen yarinyar da ba ta magana. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin fayil. Ya faru an ƙara mata adadin madara a zagayen da ba na nan, ba wanda ya gaya mini, sai da yamma na ga cikinta ya ɗaure kamar zai fashe. Da ina tsaye a wurin, jimla ɗaya ta isa.

Maganar nan ba mu muka fara ta ba. A 1959 Rahoton Platt ya fito a Birtaniya, ya ba da shawarar a bar iyaye su riƙa ganin 'ya'yansu a asibiti ba tare da ƙayyade lokaci ba, a kuma ba iyaye mata wurin kwana tare da ƙananan yara. A 1988 ƙungiyoyin kare haƙƙin yara majinyata na ƙasashen Turai suka haɗu a birnin Leiden na ƙasar Holan suka fitar da yarjejeniya mai sharuɗɗa 10. A ciki an ce yaron da ke asibiti yana da haƙƙin kasancewa da iyayensa ko mai tsaya musu a kowane lokaci, kuma a yi wa yaro da iyayensa bayani yadda za su fahimta. Mun san cunkoso yana hana ku sakewa, mun kuma san sirrin wani yaro bai kamata ya shiga kunnen maƙwabcin gado ba. To ai da sauƙi: in an zo kan gadon yaro, a bar mai jinyarsa mutum ɗaya ya tsaya, in an wuce ya ja baya. Da dare kuwa, ma'aikaciya ɗaya ko biyu ne ke riƙe da ɗaki guda cike da yara. In yaro ya fizge robarsa rabi tana ciki rabi tana waje, injin kuma yana ci gaba da tura madara, idon uwar da ke gefensa ne zai fara gani.

Na uku, har yaushe robar hanci za ta zauna? Ku zo ku dubi kumatun yaranmu. Filasta ta ɗaye fata, an matsa gaba an manna a wani wuri, can ma ta ɗaye. Bakin hancin wasu ya yi ja, ya fara rauni. Akwai irin robar da ake yi da PVC, wadda take taurare bayan kamar kwana 7 zuwa 10 sai an canza ta, akwai kuma masu laushi na silikon da makamantansu da ke iya yin makonni. Galibi mai taurin ake saka wa yaranmu, saboda ita ce a ajiye. Ma'anar haka ita ce a kai a kai ana naɗe yaro a zane, ana danne masa kai, yana shure-shure yana yunƙurin amai, uwarsa ce kuma ke riƙe da shi. 'Yata yanzu da ta ga farar riga ta tunkaro gadon sai ta fara ƙanƙame jiki, ko gaisuwa ce ta kawo mai rigar.

A ƙa'idar da likitocin ciki na yara ke bi, in ana ganin yaro zai wuce mako 4 zuwa 6 yana ci ta roba, ya kamata a fara tattauna batun saka ta kai tsaye ta fatar ciki. Wannan aiki ba sabo ba ne. A 1979 likitoci biyu, Michael Gauderer da Jeffrey Ponsky, suka fara yin sa da na'urar leƙa ciki, ba tare da an tsaga ciki gaba ɗaya ba, a birnin Cleveland na Amurka, kuma jariri ɗan 'yan watanni aka fara yi wa. Ba muna cewa kowane yaro ya dace da shi ba. Yana da nasa haɗarin: akwai maganin barci na tiyata, akwai yoyo, akwai tsiron jan nama a bakin hujin, akwai yiwuwar ƙwayoyin cuta. Wasu daga cikinmu ko an ba su zaɓi za su ce a'a, kuma haƙƙinsu ne. Abin da ke ci mana rai shi ne akwai iyayen da suka daɗe ƙwarai a ɗakin nan ba su taɓa jin cewa akwai wata hanya ba, sai a bakin wata uwa a wajen wanke kwanuka. Wannan magana ce ta zama a kujera, da likita da uwa da uba, a faɗi amfani a faɗi illa, a ba mu lokaci mu yi shawara.

Na huɗu ƙananan abubuwa ne da suke taruwa su zama babba, ba sai na tsawaita ba. Ana daka ƙwayar magani a tura ba a wanke robar da ruwa ba kafin da bayan, sai ta toshe, sai a sake sabuwa. Akwai ƙwayoyin da aka yi su don su narke sannu a hankali ko kuma sai sun wuce ciki, waɗanda bai kamata a daka su ba, amma ba kullum ake tuntuɓar mai harhaɗa magunguna ba. Madarar gari da aka dama bai kamata ta wuce awa 4 a rataye ba, mukan ga ta wuce. Ana so a ɗaga kan yaro da ƙirjinsa kamar digiri 30 zuwa 45 yayin ci da ɗan lokaci bayansa, amma gadaje da yawa marikinsu ya lalace, da filo da tsumma muke tokarewa. Sannan sirinjin abinci da na allurar jijiya iri ɗaya ne a kan tire ɗaya, alhali tun 2016 akwai ƙa'idar duniya ta mahaɗin ENFit, wanda aka ƙera musamman don kada abin tura abinci ya iya shiga layin ƙarin ruwa.

Na biyar, an manta da bakin yaron. Da zarar roba ta shiga, sai a ɗauka an gama da baki. Leɓe ya bushe ya tsage, harshe ya yi fari, ba wanda ya ce mana a riƙa gogewa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, yaron da ya daɗe bai ɗanɗani komai ba, wanda duk abin da ya taɓa kusantar fuskarsa ciwo ne, yakan tsani a taɓa masa baki. Ko ranar da haɗiyarsa ta gyaru, sai ya ƙi cokali, ya ƙi nono, ya kawar da kai. Masana sun san maganin abin tun da wuri: a bar jariri ya riƙa tsotson abin tsotso yayin da madara ke gangarawa, a riƙa shafa masa kumatu da leɓe cikin wasa, wanda aka tabbatar ba zai ƙware ba a ba shi ɗan ɗanɗano. Amma wa zai ce wannan yaron babu haɗari, wancan akwai? Aikin masanin haɗiya da magana ne, wani lokaci har da hoton da ake ɗauka yaro yana haɗiya. Da yawanmu ba mu taɓa ganin irin wannan ma'aikaci ba. Don haka uwa takan faɗa ɗaya daga cikin biyu, ko tsoro ya hana ta ba shi komai har abada, ko tausayi ya sa ta ɗiga masa ruwa a ɓoye. Kada ku yi mamakin na biyun. Ciyar da ɗa da hannunka wani abu ne da Allah ya dasa a zuciyar uwa, kuma ganin yaronka yana bin kofi da ido ba ƙaramin abu ba ne. In ba a zauna an yi mata bayani ba, tsawa ba za ta hana ta ba.

A nan zan ɗan ratsa in roƙi wasu ma'aikata su tausasa harshe. Kalmomi irin su "ke ba ki iya komai ba" ko "ke kika bari ya cire" suna zama a zuciya. Matar da ake faɗa wa haka ta bar wasu yaran a gida, wataƙila ta bar aikinta, barcinta a kujera ne, kuma ta riga ta gama zargin kanta tun kafin a buɗe baki. Iyaye maza ma a riƙa sa su a ciki. Sau da yawa ana ɗaukar uba ɗan aike ne kawai, ya sayo wannan ya biya wancan, alhali ranar da uwar ta kwanta rashin lafiya shi zai riƙe sirinjin.

Na ƙarshe shi ne sallamar kanta. Mun ga an sallami wata baiwar Allah da sirinji ɗaya da bayani na tsaye, ma'aikaciyar tana yi tana duba wani gadon. Ba a jima ba suka dawo ta sashen gaggawa, robar ta fita cikin dare, yaron ya yini bai ci ba bai sha maganin farfaɗiyarsa ba, saboda ba ta san inda za ta nufa ba. Gadon da aka so a samu, shi ɗin dai ya koma, kuma jikinsa ya fi na da rauni. Ga masu robar fatar ciki abin ya fi gaggawa, domin in ta fita hujin yakan fara tsukewa cikin 'yan awoyi. Uwar da ba a gaya wa haka ba za ta ce bari gari ya waye.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Muna roƙo a janye dokar fitar da masu jinya lokacin zagaye, a bar mutum ɗaya ga kowane yaro, kuma duk yaron da ke ci ta roba a bar masa mai kwana a gefensa. Duk canjin da aka yi a adadin abinci ko lokacinsa, a gaya wa mai jinya a ranar, a kuma rubuta a takardar da ke jikin gado.

Muna roƙo asibitin ya tsayar da hanya ɗaya rubutacciya ta tabbatar da wurin roba, a daina gwajin iska, a sa takardar gwajin pH cikin kayan da ba a yarda su yanke ba, kamar yadda ba a yarda safar hannu ta yanke. Yaran da aka san za su daɗe a samo musu roba mai laushi da filastar da ba ta cin fata.

Babban roƙonmu shi ne kada a sallami yaro mai roba sai an koyar da mutum biyu daga gidansu, kuma koyarwa ta hannu, wadda za su yi da kansu a gaban ma'aikaciya sau da dama har ta gamsu ta sa hannu. Su iya duba lamba da gwada ruwan ciki, su iya dama abinci da tsafta da auna shi, su iya wanke roba da ba da magani, su san alamun da in sun gani za su tsayar da abinci nan take: tari, shaƙewa, numfashi da ƙyar, leɓe ya canza launi. A ba su wannan a rubuce cikin harshen da suke karantawa, da hotuna saboda wanda bai yi karatu ba. A rubuta musu girman robar da irinta, da adadin abinci da na ruwa, da ranar canji. A ba su kayan da za su kai su zuwa ranar dawowa, a gaya musu inda ake samun wasu, da lambar wayar da in an kira da tsakar dare za a ɗauka, da ƙofar da za su shiga in roba ta fita ba sai sun bi dogon layi ba.

Muna kuma roƙo duk yaron da ya wuce mako 6 da robar hanci a kira iyayensa zama na musamman, da likitansa da masanin abinci da masanin haɗiya, a duba nauyinsa a kan jadawalin girma, a faɗa musu inda aka dosa: za a ci gaba a haka ne, za a koma ta fatar ciki ne, ko akwai fatan a fara yaye shi daga robar. In asibitin ba shi da masanin haɗiya, a nemo mai zuwa lokaci-lokaci, ko a tura mu inda yake.

A cikinmu akwai iyayen da hannunsu ya faɗa da wannan aiki, kuma a shirye suke su zauna da sababbin zuwa in kun ba da izini da kulawar ma'aikaciya. Mun zaɓi wakilai uku da za su zo ofishinku duk ranar da kuka sa. Muna roƙo a dakatar da sallamar gaggawa ga yaran da ba a koyar da iyayensu ba har sai an yi wannan zama, kuma a ba mu amsa a rubuce, a manna ta a ƙofar da aka manna sanarwar.

Mun gode, Allah ya ƙara girma.

Taku,
Wata uwa, a madadin iyayen yara masu cin abinci ta roba a sashen yara.